Garwa Ɗaya da Hannunka

Unguwar Gano, Tarauni, Kano.
19 ga Satumba, 1999.

Zuwa ga taubashina Olamilekan,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Maman Bose da yara. Yaya baƙunta a garin kakanninka? Na san Ogbomosho ba ta san ka ba, kai ma ba ka san ta ba. Mutumin da aka yanke wa cibiya a Gyadi-Gyadi, wanda Yarbancinsa ko cinikin barkono ba zai iya ba, yau shi ne ya koma gida. Bagobiri dai bai saki bawansa ba, aro na ba su kai. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Jummai tana gaishe da Maman Bose.

Gari ya lafa. Abin da ya faru a watan Yuli, bayan labarin rikicin Sagamu ya iso Kano, ba sai na tuna maka ba, tunda kai ka kwashi iyalinka ka fita da kayan jikinku. Na je Gyadi-Gyadi ranar Juma'a. Gidanka yana kulle yadda ka bar shi, ba a taɓa ko taga ba. Wasu daga cikin mutanenku sun fara dawowa.

Yanzu ga labarin lambu, wanda na san shi kake jira. Gwajin da ka kawo shawararsa bai mutu da tafiyarka ba. Shekara da shekaru muna sayen dashe a hannun mutanen Kura, mu dasa tare da kowa, mu cire tare da kowa, mu kai kasuwar 'Yan Kaba ranar da albasa ta fi ƙasa araha. Kai ka ce mu shuka irinmu da kanmu tun damina ba ta ɗauke ba, tsiron ya shiga sanyi da ƙarfinsa, ya nuna kafin kasuwa ta cika. Abin da ba mu sani ba shi ne lokacin da ya dace. Shi ya sa muka raba irin nan da ka sayo daga Aliero kashi uku, kowa da lokacinsa.

Garba Sarkin Lambu ya yayyafa nasa a ƙarshen Agusta. Ya ce shi ne babba, shi zai riga kowa. Ruwan sama ya doke rabinsa, amma rabi ya tsaya. Naka na yayyafa shi wannan makon, tsakiyar Satumba kamar yadda ka zaɓa. Na cuɗa ƙasar da tsohon takin awaki, na yi masa rumfar ciyawa ƙasa-ƙasa saboda ragowar ruwa. Layukan sun miƙe kamar yadda muke jera haruffa a maɗaba'a kafin a rufe ta a sallame mu, ba inda za ka sa jan biro. Nawa sai Oktoba, lokacin da aka saba, don mu sami abin aunawa.

Abu ɗaya nake so ka riƙe a ranka. Ka san ƙa'idar lambu: fangalin da mai shi bai zuba masa ruwa da hannunsa ba ko sau ɗaya, daga shuka har zuwa ranar da aka yanke ruwa, ya koma hannun Sarkin Lambu ya ba wanda ba shi da shi. Ba wanda ke da takardar filin nan na bayan Daurawa, ƙa'idar ce takardarmu. Ni zan yi ban ruwa safe da yamma, wannan ba komai ba ne. Amma ruwana ba ya zama naka. Akwai lokaci da yawa, albasa ba za ta kwanta ba sai bayan sanyi. Na faɗa ne kawai don kada ka manta.

Farar hula kuwa mun gan su. Kansilanmu ya zo lambu da mota, ya ce manoma su ne ƙashin bayan ƙasa, ya taka wa Garba latas. Akwai wani Haruna a cikin masu take masa baya, wanda ya yi masa yawon kamfe. Shi bai saurari jawabin ba, bakin titi yake ta kallo, wajen da fangalinka yake.

Ka gaishe da kowa da kowa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Naka,
Isyaku.

Unguwar Gano, Tarauni, Kano.
20 ga Disamba, 1999.

Taubashina,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta iyali, na sami takardarka ta hannun direban motar kayan nan. Na yi murna da jin Bose ta sami makaranta, na kuma yi baƙin ciki da jin ciwon ƙafar Maman Bose ya tashi. Allah ya sawwaƙe. Mu muna cikin azumi, ku kuna shirin Kirsimeti. Bana ba mai aiko mana da shinkafa, ba kuma wanda Jummai za ta aika wa kunun buɗa baki. Ta ce in faɗa maka ta rage gero saboda babu kai.

Ka ce kana nan tafe bayan sabuwar shekara. Na karanta wa Garba wannan layin sau biyu.

Ga yadda gwaji yake. Sanyi ya shigo sosai, ruwan kududdufi da safe sai ka ce ƙanƙara. Albasar Garba ta riga ta yi girma kafin sanyin ya same ta, sai ta ɗauka shekara ta zagayo, yawancinta ta fid da kara za ta yi fure. Yana bi yana karyewa, yana zagin mutanen Aliero, wai sun sayar mana da irin mahaukaciya. Ka san wadda ta fid da kara ba ta yin kai mai kyau, ba ta kuma ajiyuwa. Tawa ƙanana ce, tana tafiya a hankali yadda aka saba, za ta iso tare da ta kowa.

Taka ce abin kallo. Na dasa ta a farkon Nuwamba, tsiron yana da kaurin tsinken tsintsiya biyu a haɗe. Sanyi ya same ta ba ƙarama ba, ba babba ba. Ko ɗaya ba ta fid da kara ba. Ganyen kore shar, a tsaye, gindin ya fara tsaga ƙasa. Masu lambun tsallaken kwalbati suna zuwa su tsuguna su duba, su tambayi ranar da aka shuka. Ina gaya musu, ina kuma gaya musu sunan mai shawarar. Idan ta ƙare yadda ta fara, ka yi daidai, Lekan, kuma baɗi duk lambun nan tsakiyar Satumba zai yi shuka.

Amma akwai magana. Haruna ya kawo wa Garba goro, ya ce shi ma yana son fangali, wai likita ya ce ya riƙa motsa jiki. Mutumin da ko garwa bai san ta inda ake kama ta ba. Garba ya ce masa babu fili, sai dai in wani ya faɗo. Daga nan ya juyo ya kalle ni. Da na same shi shi kaɗai na ce, Sarki, ai ka san abin da ya fitar da Lekan daga garin nan, ba yawo ya tafi ba. Ya ce ya sani, kuma har ga Allah ba ya so. Amma ya ce ƙa'idar ba shi ya kafa ta ba. Ya tuna mini cewa mahaifinka ne, Allah ya ji ƙansa, ya kawo ta lokacin da suka sare wurin, don kada masu kuɗi su riƙe fangali daga cikin shagunansu suna turo 'yan ƙwadago. Ya ce idan ya karya ta saboda kai yau, gobe kansila zai karya ta saboda mutum goma, kuma ba shi da bakin hanawa.

Na so in ce masa ƙarya yake, sai na ga rabin maganarsa gaskiya ce. Rabin kuma tsoro ne, an ce ciyaman zai sa a zagaye filayen gwamnati, Garba yana neman wanda zai tsaya masa.

Saboda haka ba wani dogon abu ake nema a wurinka ba. Ka zo, ka ɗebi garwa ɗaya a kududdufi, ka zuba da hannunka a gaban Garba da mutum biyu. Ko a ranar ka juya, fangali naka ne har wata shekara. Kada ka wuce ƙarshen Janairu.

Barka da Kirsimeti tun kafin ta zo. Ka duba mini Maman Bose da jiki.

Naka kullum,
Isyaku.

Unguwar Gano, Tarauni, Kano.
6 ga Fabrairu, 2000.

Lekan,

Ina fatan kuna lafiya. Mu ma lafiya. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, direban yana jira.

Albasarka ta kwanta. Ganyen ya karye a wuya ya zube, kawunan sun fito fili, jajaye, wasu sun cika tafin hannu. Tun da nake lambu ban ga irinta a wannan lokaci ba. Dillalai daga 'Yan Kaba sun zo har sau biyu, don babu sabuwar albasa a kasuwa. Abin da ya rage shi ne a yanke ruwa, a bar ta ta bushe a ƙasa, a cire.

Ban yanke ba.

Garba ya zo ya tsaya a kan kunya ya ce, Isyaku, albasa ta kwanta, me kake jira? Na ce masa ƙa'ida ta ce har zuwa ranar da aka yanke ruwa, ba ta ce ranar da albasa ta kwanta ba, kuma mai ban ruwa shi ke yankewa. Ya yi dariya ya ce ashe lauya muke da shi a lambu ba mu sani ba. Ya ce to Malam Lauya, ka ci gaba, ita albasar ba ta karanta doka ba. Haruna yana gefe yana cin rake, ya ce a bar ni, shi ba gaggawa yake ba.

Na san abin da nake yi. Albasar da ta kwanta in ta ci gaba da shan ruwa, ta wuya take fara lalacewa. Ina zuba kaɗan ne, a gefe-gefe, yadda za a ga ƙasa da danshi a shaida ban yanke ba. Za ta jure mako ɗaya, wataƙila biyu. Jummai ta ce in cire ta in sayar in aika maka da abin da aka samu, fangali kuwa Allah ya ba ka wani. Na ce mata mahaifinka ne ya sare wurin nan da gatarinsa, kuma mutumin da ba shi da abin da zai dawo wa ba ya dawowa.

A takardarka ta bayan nan ka sake cewa kana nan tafe. Na riƙe ka a kan wannan. In tsoro ne, ka faɗa mini motar da za ka shigo, in tare ka a tasha, ka kwana a ɗakina, in raka ka lambu, in mai da kai tasha da kaina. In kuwa ba za ka iya ba, ka aiko da kalma ɗaya ta hannun direban nan, in yanke ruwa, mu tsira da gwajin.

Ina sauraronka.

Isyaku.

Unguwar Gano, Tarauni, Kano.
21 ga Maris, 2000.

Zuwa ga Olamilekan,

Bayan gaisuwa, ina fatan kai da iyalinka kuna cikin ƙoshin lafiya, kuma jikin Maman Bose ya yi sauƙi. Mun yi babbar salla lafiya. Yara suna gaishe da Bose.

Zan ba ka labari a jere, yadda ya faru, don kana da haƙƙin ka sani.

Na ci gaba da ban ruwa duk watan Fabrairu. A mako na biyu wuyan wasu ya fara laushi. A na uku, in ka danna da yatsa sai ruwa ya fito. Daga nan rikicin Kaduna ya ɓarke, na ce wa kaina ai ga dalili, ba mai hankalin da zai bi hanyar nan da sunanka a wannan lokaci. Na ce wa Garba haka. Bai yi mini dariya ba wannan karon, ya ce in yi yadda na ga dama. Wari ya fara tashi, masu fangalin kusa suka fara magana. Ƙudaje suka zo. Na riƙa zuwa da wuri ina cire waɗanda suka fi lalacewa ina binnewa, don kada a gani.

A farkon watan nan Jummai ta je suna Gyadi-Gyadi. Ta bi ta ƙofar gidanka don ta duba kwaɗo kamar yadda muka saba, sai ta tarar da ƙofa a buɗe, wata mata tana shanya a tsakar gida. Ta ɗauka 'yan kama-wuri-zauna ne, ta fara faɗa. Matar ta ce mijinta ne ya sayi gidan, kuma mai gidan da kansa ya zo ya miƙa makulli. Maƙwabcinka mai wanki ya tabbatar. Ya ce ka zo a tsakiyar Fabrairu, kafin abin Kaduna, ka kwana biyu a Sabon Gari, ka zo da mota ka kwashe gado da keken ɗinki, kun gaisa, har ka ba shi tsohuwar rediyonka.

Daga ƙofar gidan nan zuwa kududdufi, ka san tafiyar. Mun sha yin ta a ƙasa muna gardamar ƙwallo ba mu gama ba muka isa.

A ranar na yanke ruwa.

Ban ga laifinka ba da ka sayar da gida. Na ga abin da aka yi a Yuli da idona, na san wanda aka kashe a bakin titin Zariya, na san tare kuke zuwa coci. Mutum yana da ikon ya ce ya gaji da kwana da takalmi a ƙafa. Da ka ce mini haka, da na ce Allah ya sa haka ya fi alheri, in yi kukana in share. Na ma san abin da ya hana ka ƙarasowa: ba ka so ka kalli fuskata ka ce ka tafi ke nan. To, ka tsira daga wannan. Amma lokacin da kake ɗaure keken ɗinki a bayan mota, ina can da garwa ina zuba ruwa a kan albasar da na san ruwan kashe ta yake, saboda layi ɗaya da ka rubuta har sau biyu.

Ranar cirewa Garba ya tara mutanen lambu, har da na tsallaken kwalbati, tunda gwaji na kowa ne. Tasa ya samu kaɗan, masu kauri a wuya, dillalai suka karya farashinta. Tawa ta zo tare da ta kowa, an sayar yadda aka saba. Da aka zo taka, kowacce aka ja sai ganyen ya taho ya bar kan a ƙasa, baƙi, kamar an dafa. Abin da ya fita lafiya bai cika kwando ba.

Sai aka yanke hukunci. Suka ce shukar wuri ba ta yi: ta Agusta tana fure, ta Satumba tana ruɓewa. Na tashi na ce ba haka ba ne, ta Satumba ta yi, ruwa ne ya kashe ta, kuma ni na zuba. Na tuna musu yadda suka gan ta a Janairu. Wani dattijo ya ce shi abin da ya shiga buhu ya sani, ba abin da aka gani a ƙasa ba. Wani ya ce Bagobiri yana kare Bayarabensa ne. Garba ya san gaskiya, amma tasa ta kunyata, bai ga dalilin da zai sa ta wani ta yi suna ba. Baɗi za su koma sayen dashe a hannun mutanen Kura. Ragowar irin Aliero da ke wurin Garba ya ce jikokinsa sun zubar.

Ni kaɗai zan sake shukawa a tsakiyar Satumba, a gefen fangalina. Ko ta yi, za su ce sa'a ce.

Bayan an watse Garba ya tambaya ko akwai wanda ya ga mai fangalin bakin titi ya zuba ruwa da hannunsa tun daga shuka. Ya tambaya sau uku kamar yadda ake yi. A ta ukun ya kalle ni. Na ce babu.

Haruna ya karɓa a ranar. Bai shuka komai ba. Mako bai zagayo ba motar yashi ta juye a kan layukan da na ja, aka kawo siminti da injin buga bulo, don an ce kansila ya sami kwangilar katangar makaranta. Garba ya je ya ce masa lambu ne nan ba wurin gini ba. Haruna ya ce a nuna masa inda ƙa'ida ta faɗi abin da za a shayar. Bulo kuwa yana son ruwa safe da yamma kafin ya yi ƙwari. Yaransa ne suke yi, amma garwar farko shi yake ɗebowa da kansa, ya ɗaga ta sama yadda kowa zai gani, sannan ya zuba.

Ba sai ka amsa wannan takarda ba. Direban ma ya ce ya canza hanya.

Ka gaishe da Maman Bose da yara. Allah ya ba ku zaman lafiya a inda kuke.

Isyaku.